An Koro Irwandi Daga Jawa

"An koro shi."

Da wannan maganar Mamak Bustami ya tarbi Gusnimar, tun ba ta gama cire takalmi a gindin matakala ba. Daga firamaren da take koyarwa ta dawo, alli duk ya ɓata mata hannun riga. Ta ɗago ta dube shi. Yana zaune tsakiyar tabarma ya harɗe ƙafa, gahawa a gabansa ta huce bai taɓa ta ba.

Yayan mahaifiyarta ne, wato Mamak a yarensu, kuma a danginsu maganar auren kowace 'ya a bakinsa take. Ko lokacin da mahaifinta ke raye, in an zo wannan zance gefe yake komawa.

"Wa aka koro, Mamak?"

"Kin fi ni sani. Ɗan ƙwallon naki. Shekaranjiya mota ta sauke shi a Payakumbuh da jakar da ya tafi da ita. Duk wata rumfar shayi an sani, ke kaɗai ba a ga darajar gaya wa ba."

Kwanaki ke nan tana kiran wayar Irwandi a kashe. Ta ɗauka gwajin da ya je yi wa wata ƙungiya a tsibirin Jawa ne ya ɗauke masa hankali. Ashe yana garin.

Mamak ya ga yadda fuskarta ta sauya, ya gyara zama kamar wanda aka ƙara wa ƙarfi.

"Namiji a ƙasar nan in ya fita nema da abu yake dawowa. Wani da shago, wani da mota. Wanda ma Allah bai ba komai ba yakan dawo da sana'a a hannu. Naki fa? Da gajeren wando ya tafi, da shi ya dawo."

"Ba a gama rayuwa ba, Mamak."

"Tasa an gama. Ki dubi Dodi, ɗan Hajiya Rosmaini. Yaron nan da wanke faranti ya fara a Jakarta, yau gidajen abincinsa sai ya zauna ya lissafo. Ya gyara wa uwarsa rufi, ya kai ta Makka. Shi ne ya zo da bakinsa ya ce yana sonki."

"Ni ba gidan abinci zan aura ba."

Ya yi wata dariya marar daɗi.

"To me za ki aura? Ke kin zana jarrabawar ɗaukar malaman gwamnati har masu gadin wurin sun san fuskarki, ba ki ci ba. Shi ya zaga ƙungiyoyi har takalminsa ya cinye, ba su ɗauke shi ba. Faɗuwa ta auri faɗuwa, ku haifi me?"

Maganar ta soke ta inda ba ta zata ba. Ta juya ta dubi mahaifiyarta. Amak Nurbaiti na gefe tana kankare kwakwa, kanta a sunkuye, hannunta bai tsaya ba.

"Amak, kina ji fa."

"Ina ji," in ji ta, can ƙasa. Ba ta ƙara ba.

Mamak ya miƙe yana karkaɗe zanensa.

"Mu ne masu 'ya, mu za mu je mu nemo mata miji kamar yadda aka saba. Ran Lahadi da hantsi za mu kai tambaya gidan su Dodi."

"Ban amince ba."

"Ban tambaye ki ba."

"Ni ba yarinya ba ce, Mamak. Babu wanda zai ɗaura mini aure ban ce to ba."

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya waiwayo a hankali.

"Gaskiya ne, ba zan ɗaure ki da igiya ba. Amma ki ji da kyau. Ranar da kika zaɓi wancan, ba ƙafata, ba ƙafar kowa a dangin nan. Ki yi bikinki ke da ƙwallo."

* * *

A bakin tafkin kifin mahaifiyarsa ta same shi, bayan gonakin shinkafa. Yana zaune kan wani kututture yana watsa wa kifi abinci. Ya rame, gemu ya taru masa. Ya ji takunta sarai amma bai waiwayo ba.

"Uda," in ji ta, yadda ake kiran yaya ko masoyi a yarensu.

Ya ci gaba da watsa abincin.

"Uda Irwandi, a bakin Mamak zan ji ka dawo?"

"To ai kin ji."

Ta zagayo ta tsaya gabansa. Da ya ɗago sai ta ga idanunsa sun kaɗa sun yi jajur, duk faɗan da ta taho da shi ya narke.

"Me suka ce?"

Ya daɗe yana murza abincin kifin a tafinsa kafin ya buɗe baki.

"Na buga, Nimar. Wallahi tunda nake ban taɓa bugawa kamar ranar ba. Har masu kallo suka tashi tsaye. Da aka tashi kocin ya yafito ni. Ko sunana bai sani ba, lambar bayana ya kira. Ya ce shekarunka nawa. Na faɗa. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, ƙafarka na da kyau, amma ka makara, je ka nemi sana'a. Yana faɗa yana duba wayarsa."

Muryarsa ta karye. Ya kawar da kai.

"Tun ina buga lemon tsami a matsayin ƙwallo a tsakar gida nake jiran wannan ranar. Mutumin ko kallona bai gama yi ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta durƙusa kusa da shi.

"Akwai wasu ƙungiyoyin."

"Babu. Wannan ce ta ƙarshe, ni na sani, ke ma kin sani. Ki daina lallashina kamar ɗan aji ɗaya."

"To shi ne za ka kashe waya? Ni na kore ka?"

"Na kashe ne don kar in ji wannan muryar taki ta tausayi." Ya watsar da sauran abincin cikin ruwa. "Na ji batun Lahadi. Ki auri Dodi."

Ta dube shi kamar ba ta fahimci yaren ba.

"Me ka ce?"

"Kawunki ya fi ki gaskiya. Me zan ba ki? In tare a gidanku a matsayin miji yadda aka saba, duk wanda ya kalle ni ya tuna an koro ni? Ki auri wanda ya yi nasara."

"Wato kai ma ma'aunin Mamak ka ɗauka. Duk shekarun nan da nake tare maka zagi a gidanmu, ashe kai da shi bakinku ɗaya."

"Ba za ki gane ba."

"Ni ce ba zan gane ba? Ni da—"

"Ke ai kin saba." Ya katse ta, murya a sama. "Ke faɗuwa ta zame miki riga, kullum kina sanye da ita kina murmushi. Ni ba zan iya zama haka ba."

Ya faɗa ne kafin ya ji nauyinta. Ta ga nadamar ta taso masa a ido, amma magana ta riga ta fita. Ta miƙe tsaye a hankali.

"Eh, na saba. Bari in gaya maka yadda ake sabawa, tunda ba ka taɓa tambaya ba. Ranar da sakamakon bara ya fito ina makaranta. Na duba sama, na duba ƙasa, ba sunana. Wadda na koya wa yadda ake amsa tambayoyin ta ci. Na shiga banɗaki na toshe bakina da mayafi na yi kukana, na wanke fuska, na koma aji, don yara na zaune suna jiran in koya musu raba lamba. Da yamma ka kira ni kana ba ni labarin ƙwallon da ka ci a wasan ƙauye, na taya ka murna. Ka tuna?"

Ya mai da idonsa kan tafkin.

"Kana tsammani ba ya yi mini ciwo? Har yau in na ga malamai masu kakin gwamnati ran Litinin sai na sauya hanya. Amma ban ɓuya a bakin tafki ba, ban kuma ɗauki wanda ke sona na miƙa wa wani don in huce ba."

"Nimar..."

Ƙarar hon ta katse shi. Wata farar mota ta tsaya kan hanyar da ta ratsa gonakin. Dodi ya fito yana tattare ƙafar wando don kar taɓo ya taɓa shi. Ƙato ne mai fara'a, agogo na walƙiya a hannunsa.

"An ce mini nan zan same ka, ashe har da baƙuwa." Ya yi wa Gusnimar murmushi, ta ɗauke kai. "Irwandi, na ji abin da ya faru. Sai haƙuri. Ƙwallo dama ta masu rabo ce."

"Na gode."

"Ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba. Ina neman mai jera faranti a sabon wurina. Aikin na son mai ƙarfin ƙafa, kai kuwa ka ga ba a magana." Ya yi dariya shi kaɗai. "Kar ka ɗauka zagi ne, ni ma daga nan na fara. Akwai wurin kwana, akwai abinci. Sai dai a makon nan nake son mutum ya tafi."

Gusnimar ta gane sarai. So yake kafin Lahadi a ce Irwandi ya bar garin, kuma a ƙarƙashinsa. Ta zuba wa Irwandi ido tana jiran ya miƙe ya kore shi.

Irwandi ya sunkuyar da kai.

"Zan yi tunani."

Ta gyara mayafinta ta hau hanya.

"Zo in sauke ki mana," in ji Dodi.

"Ka sauke ma'aikacinka."

Ba ta waiwaya ba har ta isa gida.

* * *

Lahadi da hantsi gidan ya cika. Ƙannen Amak da matan dangi sun sha ado, dattawa sun jeru a tabarma. A tsakiya an ajiye carano, tiren tagullar nan da ake jera ganyen taunawa a ciki in za a je neman aure, an lulluɓe shi da ƙyalle mai zaren zinariya.

Gusnimar na zaune jikin bango da kayan gida. Ta ƙi yin kwalliya. Tun ranar ba ta ji daga Irwandi ba, ba ta kuma neme shi ba. Wata gwaggonta ta raɗa mata cewa an ga ya shiga motar haya da jaka.

"Ki saki fuska," in ji gwaggon. "Mata nawa ke roƙon Allah ya ba su irin Dodi?"

"Su je su same shi."

Mamak Bustami ya ɗaga hannu zai fara addu'ar tafiya ke nan aka yi sallama daga ƙasa.

Ta san muryar. Kafin kowa ya motsa ta isa bakin ƙofa.

Irwandi ne tsaye a gindin matakala, ya yi aski, ya sa farar riga. Ruwan da aka yi da safe ya bar tsakar gidan caɓa-caɓa.

Mamak ya ture ta gefe ya fito.

"Wa ya gayyato ka?"

"Babu kowa, Mamak."

"Kar ka ƙara ce mini Mamak. Ban haɗa komai da kai ba. Faɗi abin da ya kawo ka ka ɓace."

Jama'a suka taru a tagogi.

"Abin da ake faɗa a gari gaskiya ne. An koro ni. Ba zan zama ɗan wasa ba, na haƙura da wannan. Dodi ya ba ni aiki, na je na ce masa na gode, ba zan yi ba."

"Ka ji girman kan matsiyaci," in ji wani daga ciki.

"Jiya na je wata sakandare a Payakumbuh, na roƙi a ba ni 'yan wasansu in horar. Shugaban ya ce ba su da gurbi."

Mamak ya dubi mutanen da ke bayansa, sannan ya fashe da dariya.

"Ku ji fa. Wato ka yi wanka ka sa farar riga don ka zo ka shaida mana an sake korarka?"

"Eh. Gobe zan je garin Bukittinggi, can ma mai yiwuwa su kore ni. Kafin nan ina kula da tafkin mahaifiyata. Kifi ba zai sai mini mota ba, amma ba a kwana da yunwa a gidanmu."

"Mai kifi. To mai kifi, 'yarmu ta fi ƙarfinka."

"Na sani. Ba neman aurenta na zo ba, ba ni da bakin wannan." Ya ɗaga ido ya nemo ta. "Nimar, na faɗa miki maganar da bai kamata ta fito daga bakina ba. A ɓoye na faɗa, amma a gaban mutanenki nake son in janye. Ba faɗuwa kika saba da ita ba, tashi kika iya, ni ne ban iya ba. Ranar da ba ki ga sunanki ba ya kamata in tambaye ki, ban tambaya ba. Ko wa kika aura, ki yafe mini wannan."

Hawaye suka wanke mata fuska.

"Ka gama?" in ji Mamak. "Hendra, fitar mini da shi."

Hendra, babban ɗan gwaggonta, ya sauko ya cakumi wuyan rigar Irwandi ya hankaɗa shi. Santsi ya kwashe shi ya faɗi cikin taɓo. Wasu matan suka yi dariya. Gusnimar ta ga ya dunƙule hannu, ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ta san da bugu ɗaya zai kai Hendra ƙasa. Sai ya saki hannun. Ya tashi ya juya zai tafi, farar rigar ta koma ja da laka.

Ba ta san lokacin da ta koma ciki ba. Ta ratsa tsakanin dattawan ta sunkuya ta ɗauki tiren da hannu biyu.

"Ajiye wannan," in ji Mamak.

Ta wuce shi ta fara sauka.

"Gusnimar, ina za ki da shi?"

"Kun ce yau za a nemo mini miji. Gidan su Uda Irwandi zan kai."

Gidan ya kaure da salati. Wata ta ce ta haukace, wata ta ce asiri aka yi mata. Tunda aka kafa garin ba a taɓa jin budurwa ta ɗauki tiren neman aurenta da kanta ba. Ta taka taɓon ba takalmi ta nufi ƙofar shinge.

"Tsaya nan."

Muryar Amak ce. Gusnimar ta tsaya cak, zuciyarta ta karye. In Amak ta ce ta dawo, ba ta san yadda za ta yi ba.

Amak Nurbaiti ta sauko matakalar a hankali tana gyara lulluɓinta. Ta zo ta tsaya gaban 'yarta, ta daɗe tana kallonta.

"Ba ki da kunya," in ji ta. "'Ya ba ta kai tirenta. Kawo nan."

Ta karɓa. Maimakon ta juya ciki, sai ta ɗora shi a ka ta fuskanci hanya.

"Nurbaiti," in ji Mamak. "In kika fita shingen nan, ba ni da ƙanwa."

Amak ta tsaya. Gusnimar ta ga hawaye na bin kuncinta, ta ga leɓenta na motsi. Tun tasowarsu ba ta taɓa musa wa yayanta ba, shi ya riƙe ta da mijinta ya rasu. Ba tare da ta waiwayo ba ta ce,

"To Uda. In za ku tafi ku ja mini ƙofata, kaji na shiga."

Ta fita.

Babu wanda ya biyo su daga dangi. Suka hau siririyar hanyar da ke tsakanin gonakin shinkafa, Amak a gaba da tire, Gusnimar a bayanta. Daga gidan tana jiyo muryar Mamak yana rantsuwa, da ƙarar wani abu da aka rotsa da bango. Ta san bikinta ba kowa, ta san ranar Salla ba gidan da za ta shiga a yi mata maraba. Kuka take sosai, amma ƙafarta ba ta tsaya ba.

Irwandi ya biyo su a baya, laka na ɗiga daga rigarsa. Sai da suka yi nisa ya iya magana.

"Nimar, kin san abin da kika yi kuwa? In gobe ma suka kore ni fa?"

Ta share fuska da gefen mayafi, ba ta dube shi ba.

"Za su iya. In sun kore ka, ka zo ka gaya mini da bakinka. Kuma ban yafe ba tukuna."

"Na ji."

Amak ta yi magana daga gaba, ba tare da ta juyo ba.

"Kai kuma ka daina bin mu kamar maraya. Wuce ka gaya wa uwarka tana da baƙi, ta shimfiɗa tabarma. Mu biyu ne kawai, kar ta wahalar da kanta."